Shekarar da Aka Fasa Rumbun Gandu

Rabi, gyara zama ki riƙe alƙalamin nan da kyau. Ki sa maganar da Hausarku ta lakkwal, ta 'yan makaranta, in kin ga dama, amma kada ki rage mini komai. Tun shekaranjiya nake jin ku kuna ƙus-ƙus a kan duwatsun nan na bayan ɗakina, wai yayanki Sani zai tone su ya kafa ɗakin siminti a wurin. Kuna tsammani kunnena ya mutu? Idona ne ya tafi, kunne yana nan ras. Kwana biyu ke nan ban iya zama wuri ɗaya ba, in fita in shigo, in kwanta in tashi, don na ga in na yi shiru zan mutu in bar ku da maganar mutanen gari. Su abin da suka sani shi ne ana ce wa ubanku Na-Rumbu, wai ya cinye rumbun ubansa tun bai yi haƙori ba. Ga shi yau da furfura a gemu, amma in wani sakarai ya faɗa masa haka a bakin kasuwa, sai ka ga ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Abin yana ci mini rai. To, yau zan faɗi yadda aka yi, ni da nake cikin rumbun.

Lokacin Nasara ne, muna nan garinmu na gabas da Geceme. Kakanku, ban taɓa kama sunansa ba, yau ma don a rubuta ne: uwarsa tana kiransa Barmo. Ita uwar tasa kowa Iya yake ce mata, mutuniyar Lugu ce, ta zo da abubuwan gidansu na bori da tsafi ba ta bar ko ɗaya a hanya ba. Mu uku ne a gidan, sai cikin da nake ɗauke da shi. Kafin wannan cikin na haifi biyu, duka maza, duka a cikin sanyi, kuma ba wanda ya kai yaye. Suna nan kwance bayan dangar gidan nan. Saboda haka da kaka ta wuce, na lissafa na ga wannan haihuwar sai an fara zafi za ta zo, har rawa na taka ni kaɗai a ɗaka.

Sanyin shekarar nan ban ga irinsa ba, kafinsa ko bayansa. Ruwan tulu in ka kurɓa da safe sai ka ji haƙoranka za su zube. Igiyar guga ta ƙage tana yanka hannu, mata suna dawowa daga rijiya da jini a tafi. 'Yan awaki ƙanana a wayi gari a tarar sun sandare a turke. Fulanin da ke shayarwa a rijiyarmu suka ce maruƙansu haka suke faɗuwa, har suna kwana da su a cikin bukka. Da farko mun ɗauka mu kaɗai Allah ya jarraba, sai fatake suka riƙa zuwa da labari iri ɗaya: na Tawa su ce can ya fi, na Doso su ce ku dai ku yi shiru, waɗanda suka hauro daga Kabi su ce ko bakin gulbi ba a tsira ba. Ƙasa gaba ɗaya ta ɗauka. To, talaka mene ne bargonsa in ba wuta ba? Kowa ya ja gungume ya kai ɗaka, ya tura ƙarƙashin gadon kara. Ɗakunanmu kuwa duk kara ne da ciyawa, ga iska tana kaɗawa ba dare ba rana. Sai garuruwa suka fara ci. Yau ka ji wancan ya ƙone, jibi ka ji wani.

Ban yarda da girman abin ba sai ranar da mutanen wani gari na arewa da mu suka shigo. Garinsu ya tafi ƙurmus tsakanin azahar da la'asar, da ɗakuna da rumbunan kara da komai. Na ga wata mata ɗauke da turmi a ka, shi kaɗai ta fitar, ba ta ma san dalilin da ya sa shi ta ɗauka ba. Na ga wani tsoho yana jan ƙyauren ɗaki. Aka sauke su ƙarƙashin gawo a fadama, aka kakkafa musu zana. Ranar kowa a garinmu ya dubi jinkar ɗakinsa, don in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Bayansu kaɗan sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, bisa doki daga Dogon Dutsi, da jar hularsa, mai shela yana biye da shi da ganga. Aka tara mu ƙofar mai gari. Wai waya ta zo daga Yamai zuwa kowane bariki, kumandan kuma, Baturen da ke mulkinmu, ya ce a faɗa wa kowane gari. Ba wuta a ɗakin ciyawa, dare ko rana. Girki a fili, a rami ɗaya da za a tona bayan gari, a share kewayensa. Kowace ƙofa a aje tulu cike da ruwa da tarin yashi. A nome ciyawar da ta kewaye gari. Tsofaffin maza masu tari a kai su zauren mai gari, da yake na laka ne, a hura musu wuta can. Aka sauke 'yan barguna da ba su isa ko tsofaffin ba. Sannan kowace unguwa a naɗa mutum guda mai zagayawa, in aka ga hayaƙi a unguwarsa shi za a kai kaso, wato kurkuku. Ni ban ce dokar banza ce ba, Rabi, rubuta wannan. Na ga matar nan mai turmi da idona. Garinmu bai ƙone ba a shekarar, kuma dokar ce ta hana. Amma wanda ya zauna ya tsara ta bai tuna ana haihuwa a cikin sanyi ba.

A unguwarmu kakanku aka naɗa, don an san shi ba ya jin nauyin gaya wa mutum gaskiya. Ya kuwa riƙe aikin da hannu biyu. Yana zagayawa yana shinshina kamar karen farauta, in ya ji ƙauri sai ya ɗaga asabari ya shiga. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Igge, ita kaɗai take kwana, ƙashinta duk ya bushe. Ya tarar da ɗan garwashi a kasko ƙarƙashin gadonta, ya ɗauki tulunta ya juye a kai. Ina tsakar gida na ji ta ta kan danga.

"Barmo, ka kashe mini wuta ko? To, madalla. Matarka na da ciki dai. Muna nan, mu gani."

Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji. Ba a yi nisa ba kuwa, ina tsaye ina daka da hantsi, sai na ji marata ta murɗa. Cikin bai cika ba, watansa bakwai. Iya ce ta karɓi haihuwar, ta ɗaga shi ta nuna mini. Ubanku ke nan, wannan ƙaton da ke cika ƙofa yanzu. Ranar kuwa kaɗan ya fi tafin hannun kakanku. Kukansa ma sai ka kasa kunne kake ji.

Ku 'yan yanzu da kuke haihuwa wurin likita ba ku san darajar wutar jego ba. Mu a wurinmu ita ce rai. Maijego tana kwance bisa gadon ƙasa, wuta a ƙarƙashi, ɗaki ya ɗauki ɗumi har arba'in. Bakwaini kuwa ko iska ba a bari ta taɓa shi. Ruwan wanka dai ana dafa mini a ramin gari a kawo, amma kafin a iso da shi ya huce rabi. Iya ta riƙa gasa duwatsu a can, ta naɗo su cikin tsumma ta jera mana, kafin asuba sun koma sun fi ƙasa sanyi. Na sa yaron tsakanin nonona, na tula mana duk zanen da na mallaka da gwadon Iya. Iska kuwa tana shigowa ta kowace kafar kara. Na kasa kwanciya, na kasa zama, ina ta taɓa ƙafarsa. Rana ta biyu da safe na ji ƙafar ta yi sanyi ƙalau, leɓensa ya yi duhu, na sa masa nono ya ƙi kamawa. Na san wannan alamar. Sau biyu na gan ta.

Ba a san maijego da kiran miji ba, balle ta ɗaga masa murya gaban uwarsa. Ni ranar kunya ta fita daga idona. Na ji motsinsa ya dawo daga zagaye, na ƙwala masa kira. Ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba.

"Ka kawo mini wuta," na ce.

"Kin san abin da anka ce."

"Na san abin da anka ce! Yamai ta haifa maka ɗa? Kumandan zai zo ya tona maka rami na uku? Ka zo ka taɓa ƙafarshi, in ka iya ka sake gaya mini abin da anka ce!"

Iya ta ce, "Ke Dije, riƙe bakinki."

"Ba ni riƙewa, Iya. Na riƙe sau biyu, mi na samu?"

Ya shigo ya durƙusa, ya sa yatsa ɗaya ya taɓa tafin ƙafar yaron. Ya tashi ya fita. Daga baya na ji wurin mai gari ya tafi. Mai gari ya ce masa zaure cike yake da tsofaffi masu tari, ba wurin maijego ba ne, kuma in aka bar Barmo ya hura wuta a ɗakin ciyawa, shi da ya kashe ta kowa, kafin magariba gari duka ya hura, ga iskar nan. Ya ce sai dai a tura mutum Dogon Dutsi a nemi izini. Kakanku ya ce kafin a je a dawo an gama jana'iza. Mai gari ya ce shi dai iyakar abin da ke hannunsa ke nan.

Ya dawo gida ya kasa tsayawa. Ta kafar asabari nake kallonsa, ya je bakin danga ya dawo, ya ɗauki gatari ya aje, ya fita ƙofar gida ya sake shigowa. Ni ma a ciki haka nake, ina jijjiga yaro ina hura masa numfashi a ka. Can bayan azahar na ga ya tsaya gaban rumbun gandu. Rumbun laka ne babba, wanda muke ce wa ruhewa, ubansa ya gina shi da hannunsa, laka zalla har gindi, a ɗore bisa duwatsu. Duk gidan shi kaɗai ne abin da ba ciyawa ba, in ka cire hular da ke kansa. Kaji da karen gidan duk sun cusa kansu a ƙarƙashi suna fakewa. Na ga ya dafa bangon da tafin hannu, wajen da rana ta buga, ya daɗe a haka. Sai ya jawo tsani ya hau, ya ture hular, ya ɓalle lakar da aka liƙe bakin da ita, ya fara jefo dammunan gero ƙasa.

Sai in gaya miki mene ne rumbun gandu, don ku yanzu buhu kuka sani. In aka gama kaka aka cika shi, mai gida ya liƙe bakinsa, shi ke nan, ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Rani duka da ɗan abin da mata suka noma a gayaunansu ake lallaɓawa, da abin da aka samo. Shi wancan shi ne ƙarfin damina, shi ake ci a yi noman da za a ci baɗi. Ba mai sanin abin da ke ciki sai mai shi, asirin gida ke nan. Mace ko leƙa shi ba ta yi, balle mai jinin haihuwa. Ga Iya kuma abin ya wuce nan, don ita a wurinta doguwar gidan, aljanar da ke tsaron hatsi, a nan take zaune. Da ta ga dami na farko ya faɗo sai ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta yi waje.

"Barmo! Mi kake yi? Ka haukace? Cikin ɗari ake buɗe gandu?"

"Ɗaki nike so, Iya, wanda ba ya ƙonewa."

"Ɗaki? Wa za ka sa ciki?"

Ya jefo wani damin. Ta dubi ƙofar ɗakina, ta gane. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Jini cikin rumbun ubanka? Wayyo ni Tamo, na ga abin da ya ishe ni! Mai wurin fa, ina za ta? In ta tashi ta bar gidan ga, mi za ku ci da damina?"

"In yaron ga ya mutu, Iya, wa za ya ci abin da munka noma?"

Ta juya ta shige ɗakinta ta ja asabari. Shi kuwa bai tsaya ba sai da ya kwashe geron kaf, ya jibge shi bisa wani ɗan dandamali a tsakar gida. Sannan ya ɗauko dagi ya zagaya gefen da iska ba ta bugowa, ya fara fasa bango. Kowane bugu a cikina nake jin sa, don na san rumbun laka in an huda shi a ciki ya tashi daga aiki. Mutane suka cika bakin danga suna kallo. Ya fasa ƙofa daidai shigar mutum a durƙushe, ya rufe saman da ƙirgi, busasshiyar fatar sa, ya bar 'yar kafa, ya share kewayen tas ba ko tsinke, ya jera tuluna da yashi. Ya tafi ramin gari ya ɗebo garwashi a kasko, ya zuba a ƙarƙashi tsakanin duwatsun. Kafin rana ta faɗi ya zo ya ce in taso. Na rarrafa na shiga da yarona ina ta addu'a, don ni ma da tsoron wurin na girma. Ciki ƙanshin gero, iska ko kaɗan ba ta shiga. Sannu a hankali na ji lakar da ke ƙarƙashina tana ɗaukar ɗumi.

Abin da ya dame ni shi ne asuba, lokacin da sanyi ya fi cizo, kakanku kuma a lokacin yake zagayen unguwa, ba mai ƙara garwashi. Na farka da assalatu a firgice na shafa ƙasa, sai na ji ta da ɗumi. Na kasa kunne. Wani yana ƙarƙashina yana hura wuta, yana tari, yana magana ƙasa-ƙasa. Muryar Iya ce, kuma ba da ni take ba.

"Ki yi haƙuri, uwar gida. Baƙo na, ba daɗewa za ya yi ba. Ɗan jikanki na, ke ma kin sani. Ki ɗan matsa mishi, ga kazarki nan na kawo."

Na yi lamo kamar ina barci. Ina cikin haka na ji ɗan bakin nan yana lalube a ƙirjina. Na sa masa, ya kama. Ya ja, Rabi, ya ja har na ji zafi! Na fashe da kuka, na kasa riƙewa. Daga ƙasa Iya ta ce, "Mi ya faru kuma?" Na ce ya kama nono. Sai ta ce, "To, ki bar yi mana ihu, ba ɗakin uwarki ba na." Da gari ya waye na ga gashin jar kazarta a bakin duwatsun. Daga ranar har na fita, ita ce mai garwashin asuba, kuma ba ta taɓa yarda ta ce ta yafe mana ba.

Labari ya kai Dogon Dutsi, ban san bakin da ya kai shi ba. Wata safiya sai ga gardi da mai gari a gidanmu. Na ji kakanku ya fita tarye su, na ce yau kaso. Gardin ya zagaya rumbun, ya durƙusa ya leƙa garwashin, ya ƙwanƙwasa bangon da bulalarsa. Sai na ji ya tuntsire da dariya.

"An ce ɗakin ciyawa. Wannan laka ce. Ni ban ga laifi ba."

Na sauke ajiyar zuciya. Ashe da saura. Da ya juya sai idonsa ya sauka kan tulin geron nan a tsakar gida, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mutanen da ke ƙarƙashin gawo ba su da abin ci, kumandan ya ce gari ya riƙe su kafin a ga yadda za a yi. Duk wanda mai gari ya tambaya sai ya ce rumbunsa a liƙe yake, kuma ko mai gari ba ya cewa mutum ya ɓalle gandunsa cikin rani. Na Barmo kaɗai ne a fili. A ranar aka ɗebi na farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan na mai gari sai dangi, wannan ya ce ɗiyansa ba su ci ba, wancan ya ce rabonsa da hura tun jiya. Sai matan ƙarƙashin gawo da kansu, da 'yan ƙoransu, su tsaya bakin ƙofa. Awaki na ja, tsuntsaye na ci, gara ta hau daga ƙasa. Ina ciki ina jin ana ɗauka, ina jin ƙarar kowane dami, na rasa yadda zan yi. Na kira shi na ce ya hana mana, ya rufe da zana ya ce ya ƙare.

"Suna gani, Dije. Mutumin da ya kashe ma mutane wuta, shi za ya hana su hatsi kuma?"

Ranar da na yi arba'in na rarrafo waje, sanyi ya karye, rana har tana cizo. Na dubi dandamalin. Tulin da ya fi tsayin mutum ya dawo iya gwiwa. Na zauna a ƙasa na ce mun shiga uku. Shi kuwa ya miƙo hannu, abin da bai taɓa yi ba gaban uwarsa, ya karɓi yaron ya ɗan ɗaga shi sama da ƙasa a tafinsa.

"Ya yi nauyi," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da ruwa ya sauka kowa ya ɓalle rumbunsa, mu muka tsaya kallo. Kada ki rubuta cewa ba a taimake mu ba, an taimaka. Igge ma, wadda aka juye wa tulu, ta aiko da ƙwarya guda ta ce a dama wa mai nono. Amma taimako ba ya noma gona. Ya ware iri ya shuka, ya yi noman farko da tafasa a cikinsa, ina ganin yana tsayawa tsakiyar kunya yana dafa hauya. Nonona ya fara janyewa. Sai ya ce baki ɗaya in ya ragu, abin da ya saura zai kai mu ni da Iya da yaro har a fara cin sabo. Wasu fatake za su gangara Kurmi suna neman masu ɗaukar kaya, ya ce zai bi su, ya yi aiki ya dawo kafin sanyi. Da safe ya tafi, da sandarsa da ɗan buzunsa. Na raka shi har gaban rumbun, na ce masa ramin nan fa, ko in sa ƙanena ya kwaɓa laka ya toshe kafin ruwa ya yi masa ɓarna? Ya dubi ƙofar da ya fasa.

"Bar ta. Ni na buɗe, ni za ni liƙe."

Sanyi ya zo, shi bai zo ba. Wani ya dawo ya ce ya gan shi yana dako a wata kasuwa can ƙasar Kurmi. Wani ya ce a'a, tari ya kama shi a hanya, an bar shi wani gari bakin ruwa. Ban san wanda ya yi gaskiya ba, har yau. Duk ayarin da ya sauka sai na je na tsaya ina duba fuskoki, har mutane suka fara cewa Dije ta taɓu. Iya ta hana kowa taɓa rumbun har ta koma ga Allah, ni na karɓa daga hannunta. Na yi wani aure daga baya, bai yi ƙarko ba, don kullum ƙafata tana gidan nan. Damina tana zuwa tana cin bangon kaɗan-kaɗan, har wata shekara ya zauna. Duwatsun suka rage. In kin juya ɗaya za ki ga cikinsa baƙi ne, garwashin Iya ke nan.

Mutanen gari da suka ci geron nan da bakinsu, su ne suka juya suka ce yaro ya cinye rumbun ubansa. Wasu ma cewa suke Barmo kunya ce ta kore shi, don ya biye wa mace. Ƙarya suke yi, kuma ina faɗa da babbar murya. Ba wanda ya biye wa. Da idonsa a buɗe ya hau tsanin nan, ya san abin da ke cikin rumbun dami-dami, ya san damina na zuwa, ya taɓa ƙafar ɗansa ya zaɓa. In kin gama ki kai wa ubanku ki karanta masa, a gaban mutane in so samu ne, ki ce in ji ni ya ɗaga kansa. Ko ƙwayar gero ɗaya bai ci ba, nono ya sha.

Shi kuma Sani, mijin nawa na wasa mai son siminti, ki ce masa fili bai ƙare a gidan nan ba. Ya kafa ɗakinsa wajen turken awaki, in ya so ya yi masa bene. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama. Amma ina da rai ba mai ɗaga mini dutse ko ɗaya. Mutumin ya ce shi zai liƙe, kuma har yau bai aiko ya ce in ba wani aikin ba.